Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gargaɗi Ga Maƙwabtan Ramin Kwal

Jama'ar Maiganga, jama'ar Kumo da ƙauyukan da ke kewaye, ku saurara. Yaushe rabonku da auna igiyar rijiya? Bara gaba nawa kuke zurawa kafin guga ya taɓa ruwa? Bana fa? Kun yi ƙarin igiya? Sau nawa? Wa ya rubuta?

Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa sanin ruwan gidanku. Idan ya kwana a randa, me kuke gani a gindinta da safe? Farin zane yana fita fari bayan wanki, ko yana ɗaukar ja kamar an jiƙa shi da tsatsa? Shayi yana baƙi tun ba a zuba ganye da yawa ba? Ɗanɗanon ruwan yana nan yadda kuka gada, ko ya soma ƙarni irin na ƙarfe?

Kada ku ce ba komai. Kada ku ce sai damina ta zo a gani. Duk wanda ke zaune kusa da inda ake haƙar kwal, ruwan shansa yana cikin haɗari iri biyu. Ko ya gudu ya bar rijiya, ko ya zauna ya gurɓace. Dukansu biyun a ƙarƙashin ƙasa suke farawa, inda ido ba ya kaiwa. Kafin su bayyana a guga, sun yi nisa.

Ku fara sanin abin da kuke takawa

Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙaramar hukumar Akko hawa-hawa take, kamar tabarmi da aka jibga ɗaya kan ɗaya. Duk mai haƙar rijiya ya san haka. Ya wuce jar ƙasa, ya wuce marmara, ya tarar da dutsen yashi, ya ci karo da yumɓu mai tauri, ya sake faɗawa yashi. Masana ilimin duwatsu sun ba wannan jerin suna Shimfiɗar Gombe. Sun ce ta kwanta ne sama da shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da yankin yake bakin ruwa, cike da fadamu da koguna masu kwaso yashi. Itatuwa da ciyayin fadamun nan ne suka binne, nauyi ya danne su, suka zama kwal. Yashin kogunan kuma ya daskare ya zama dutsen yashi.

To ku lura da kyau. Dutsen yashin nan shi ne randarku. Tsakanin ƙwayoyinsa akwai 'yan ƙofofi, kamar na soso. Ruwan sama yana nitsewa ya cika su. Yumɓun da ke ƙasa ya tare shi kada ya zarce. Rijiyarku ba komai ba ce illa ƙofa da kuka buɗe cikin wannan soso. Rijiyar burtsatsen masallaci ma haka. Idon ruwan da ke fitowa a gindin tudu ma haka.

Kwal ɗin fa, ina yake? Yana kwance a tsakanin waɗannan shimfiɗu. Yashi a samansa, yashi a ƙasansa. Ba yadda za a yi a kai gare shi ba tare da an yanka randar ba.

Kuma randar nan ɗaya ce. Ba ta san iyakar gona ba. Ba ta san katangar kamfani ba. Abin da aka yi mata a gabas, ana iya jin sa a yamma.

Haɗari na farko: ruwa ya gudu

Tun wajajen 2007 ake haƙar kwal a Maiganga domin hura wutar masana'antar siminti ta Ashaka. Buɗaɗɗen rami ake yi. Ana kwashe ƙasar sama, a tara ta tsibi-tsibi, a gangara har a kai ga kwal. Haka ake yi a wurare da yawa a duniya, kuma ko'ina matsalar ɗaya ce. Da zarar rami ya zarce zurfin da ruwa yake, ruwa zai riƙa tsattsafowa ta bangonsa. Ba a aiki cikin ruwa. Dole a sa injuna su zuƙe shi, dare da rana.

Ku tambayi kanku: wannan ruwa da ake zuƙewa, daga ina yake zuwa?

Daga sosonku yake zuwa. Ku tuna abin da ke faruwa a rafi da rani. Yaro ya tona rami a yashi ya samu ruwa. Wani ya zo kusa ya tona wanda ya fi zurfi, yana ta kwarfewa. Me ke samun ramin yaron? Ya ƙafe. Ramin kwal shi ne babban ramin. Rijiyoyinku su ne ƙananan. Ruwan ƙasa yana lotsawa zuwa ga ramin kamar mazurari, kuma bakin mazurarin yana faɗaɗa muddin injin yana aiki.

Rijiyar hannu ce ke fara faɗuwa, don ita ce mara zurfi. Sai idon ruwa ya daina gudu tun kafin bazara. Sai fadamar da ake noman rani ta bushe da wuri. Sai famfon tuƙa-tuƙa ya koma sai an daɗe ana bugawa kafin ya kawo. Daga nan sai jarka da 'yan garuwa. Daga nan sai yarinya ta bar aji ta tafi neman ruwa.

Akwai kuma tsagewa. Yumɓun da ke riƙe da ruwan sama-sama kamar gindin tukunya yake. Girgizar manyan injuna, ko fashewar nakiya a wuraren da ake amfani da ita, tana iya tsaga shi. Ramukan gwaji da aka huda lokacin neman kwal, idan ba a toshe su da siminti ba, su ma ƙofa ce. Tukunyar da gindinta ya tsage, kome yawan ruwan da aka zuba, ba ta riƙewa.

Kuna ganin sauƙi ne a samu wani ruwan? Ku tambayi mutanen da ke zaune kan Shimfiɗar Kerri-Kerri, daga yammacin Gombe har wajen Dukku. Can ma dutsen yashi ne, amma ruwansa ya yi nisa. A wasu wuraren sai an zarce mita 100 kafin a same shi. Talaka ba ya haƙa irin wannan da hannu. Birnin Gombe kansa da madatsar Dadin Kowa ya dogara. Ku da bututun Dadin Kowa bai iso ƙofarku ba, idan rijiya ta tafi, me ya rage muku?

Haɗari na biyu: ruwa ya yi tsami

Wannan ya fi na farko muni, domin ba ya hayaniya.

A cikin kwal da baƙin yumɓun da ke tare da shi ana yawan samun wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya. Ƙarfe ne haɗe da farar wuta. Masana suna ce masa fairait. Muddin yana binne, iska ba ta taɓa shi, ba ya cutar da kowa. Shekara miliyoyi yana barci. Ranar da aka tono shi aka zubar a tsibi, iska ta buge shi, ruwan sama ya jiƙa shi, sai ya farka. Abin da yake haifarwa shi ne asid, dangin wanda ke cikin ruwan batir, sai dai a tsarme.

Ruwa mai asid ba ya tafiya hannu rabbana. Duk dutsen da ya ratsa sai ya narko abin da ke cikinsa. Ƙarfe, manganis, alminiyom. A wasu wuraren har da dalma da asanik, gwargwadon abin da dutsen wurin ya ƙunsa. Da a ce ƙasar farar ƙasa ce, da ta kashe kaifin asid ɗin a hanya. Dutsen yashi ba ya yin haka. Hanya kawai yake ba shi ya wuce.

Alamominsa a fili suke ga mai kallo. Korama mai jan ruwa ko ruwan ɗorawa. Laka mai launin tsatsa a kan duwatsun rafi. Farin gishiri-gishiri a gefen tsibin ƙasa da rani. Wurin da ciyawa ta ƙi fitowa. Kududdufin da kwaɗi suka daina kuka a cikinsa. Shanu su zo su sunsuna su juya. Bututun famfo ya ci tsatsa ya huje tun bai tsufa ba.

Kun ga ɗaya daga cikin waɗannan? Ina? Yaushe? Wa kuka gaya wa?

Kuma kada tsabtar ido ta ruɗe ku. Ruwa mai tsananin asid yakan zama garai-garai kamar hawaye. Dalma ba ta da launi. Asanik ba shi da wari. Yaro zai sha shekara da shekaru, ba zazzaɓi, ba amai, amma ƙwaƙwalwarsa tana cutuwa, jininsa yana raguwa. Mai ciki za ta sha, abin ya kai ga ɗan da ke cikinta.

Tafasawa ba ta fitar da waɗannan. Ku ji da kyau. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Ƙarfe da dalma suna nan a tukunya, har ma su ƙaru idan ruwan ya ƙone. Alif yana kwantar da laka, ba ya maganin asid. Tace ruwa da ƙyalle ba ya tare abin da ya narke.

Me ya sa jira shi ne babbar asara

Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya gudu kamar kogi. Rarrafe yake yi. Mu ƙaddara yana tafiyar santimita 30 a yini cikin dutsen yashi. Kilomita ɗaya za ta ɗauke shi kusan shekara 9. Ku yi wannan lissafi da kanku. Ma'anarsa, abin da ya nitse a gindin tsibi bana, mai yiwuwa sai yaron da ke goye yau ya shiga firamare ya yi nisa kafin ya iso rijiyarku. Ma'anarsa kuma, ruwan da kuke sha yau mai daɗi ba shaida ba ne cewa babu abin da ke tafe.

Ga wani abin da mutane da yawa ba su sani ba. Yayin da injuna ke zuƙe ruwa, ruwan ƙasa ramin yake nufa. Ranar da kwal ya ƙare aka kashe injuna, sai lamarin ya juya. Rami ya cika. Ruwa ya jiƙa bangon da iska ta daɗe tana ci. Ya zama tafki. Daga nan sai ruwan tafkin ya soma komawa cikin dutsen yashi, ya nufi gangare, inda gonaki da rijiyoyi suke. Wato mafi munin lokaci yana iya zuwa bayan motocin kwal sun daina wucewa, ofis ya rufe, ba wanda za a kai wa kuka.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Ku dubi Inugu. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi. Ba a yi shekara goma ba aka soma haƙa, aka ja layin dogo zuwa Fatakwal. Kwal ɗin can yana kwance ne a Shimfiɗar Mamu, a samansa kuma akwai dutsen yashin Ajali, babbar randar yankin. Ruwa daga wannan yashi ya riƙa tsiyaya cikin ramukan, ya zama asid, ya riƙa cinye injuna da bututu. Yau ramukan Onyeama da Okpara sun daɗe a yashe. Ma'aikata sun watse. Amma ruwan tsami mai jan tsatsa yana ci gaba da fitowa daga tsofaffin ramukan yana shiga rafukan yankin, har da kogin Ekulu da ya ratsa birnin. Kwal ya tafi, tsamin ya zauna.

Gemun ɗan'uwanku ya kama wuta. Me kuke jira?

Ku tuna Zamfara a 2010. Can zinariya ce, ba kwal ba, gubar dalma ce daga ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje. Amma darasin ɗaya ne. Yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ɗauka wata cuta ce. Sama da yara 400 sun rasu. Garin Bagega sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Can ƙasar sama ce, ana iya kankare ta a kwashe. Ruwan da ke mita 40 ƙarƙashin ƙasa fa, da wace shebur za a kwashe shi?

Abin da za a ce muku gobe

Mazauna yankin Maiganga sun sha kokawa a jaridu kan ƙura da kuma halin ruwansu. Amma kuka daban, hujja daban. Ku san wannan tun yanzu: Shimfiɗar Gombe tana da ƙarfe a jikinta tun asali. Akwai rijiyoyin da ruwansu ke ja ko da ba a taɓa haƙar kwal kusa da su ba. Fari ma yana janye ruwan rijiya. Yawan jama'a ma yana janye shi.

Saboda haka ranar da kuka je gaban hukuma kuka ce ruwanmu ya lalace, za a tambaye ku: da yaya yake? Wa ya auna? Ina takarda? Idan ba ku da amsa, za a ce dama can haka yake. Kuma ba ku da abin musu. Awon da ba a yi bana ba, ba a iya komawa a yi shi baɗi. Kowane wata da ya wuce ba rubutu, hujja ce ta zube.

Ku tashi yau

Ku sayi littafi guda. Ku naɗa mutum biyu a kowace unguwa, namiji da mace. Ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin a fara jan ruwa, a zura igiya mai ɗaure da dutse a kowace rijiya. A auna daga baki zuwa fuskar ruwa. A rubuta kwanan wata. A rubuta launi, ɗanɗano da wari. A ɗauki hoto da waya. Kada a tsallake wata ko ɗaya.

Ku nemi takardar awon tsami wurin malamin kimiyya na sakandare ko masu sayar da kayan gwaji. Ba ta da tsada. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce ma'aunin ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Idan ya yi ƙasa da haka sosai, ku daina ba yara wannan ruwan har sai an gwada.

Ku kai ruwan ɗakin gwaji, sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina. Jami'ar Tarayya ta Kashere a cikin ƙaramar hukumarku take. Jami'ar Jihar Gombe ba ta da nisa. Akwai hukumar ruwan sha ta jiha. Ku nemi su gwada, ko su nuna muku inda ake gwadawa. Kada ku tsaya ga ƙwayoyin cuta kaɗai. Ku ce a duba ƙarfe, manganis, dalma da asanik. Iyakar ƙarfe miligiram 0.3 ce a lita. Iyakar dalma miligiram 0.01. Ku karɓi sakamako a rubuce, da hatimi. Ku yi kwafi uku, ku raba wurin ajiya.

Ku hana yara wanka a ramin haƙa da kududdufan gindin tsibi. Makiyaya, ku kauce da dabbobinku daga jan ruwa. Manoman rani, kada ku ja ruwan da ke fitowa daga wurin haƙa zuwa kan alayyafo da tumatir sai an gwada shi. Masu tarar ruwan sama, ku bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwano kafin ku tara.

Masu haƙa burtsatse, ku ji tsoron Allah. Ku zuba siminti ku rufe shimfiɗar sama da kyau, kada gurɓataccen ruwan sama ya bi jikin bututu ya sauka kan mai kyau na ƙasa. Ku rubuta abin da kuka tarar a kowane zurfi, ku bar wa masu gari kwafi.

Ranku ya daɗe, hakimai da dagatai, doka tana tare da ku. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, kuma a sake duba ta duk shekara biyar. Ta wajabta masa gyara ƙasa bayan ya gama, da zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli. Dokar 1992 ta ce a yi nazarin illa ga muhalli kafin a fara babban aiki. Ina takardun? Wa ya karanta muku su da Hausa? Me suka ce kan ruwa? Idan lokacin sabunta yarjejeniya ya zo, kada a tsaya ga ajujuwa da buhunan shinkafa. Ku nemi a haƙa rijiyoyin sa ido tsakanin rami da gari. Ku nemi a riƙa liƙa sakamakon awonsu a ƙofar fada. Ku nemi a riƙa ratsa ruwan rami ta farar ƙasa kafin a sake shi. Masana'antar siminti da farar ƙasa take aiki kullum, ba abin nema ba ne a wurinta. Ku nemi a rufe tsibin ƙasa da yumɓu a dasa itatuwa. Ku nemi a rubuta wanda zai ɗauki nauyin ramin bayan an tashi. Ku kai kokenku a rubuce ga shugaban ƙaramar hukuma, ga ma'aikatar muhalli ta jiha, ga hukumar muhalli ta tarayya NESREA, ga ofishin ma'adinai na tarayya. Ku karɓi shaidar an karɓa.

Limamai da fastoci, ku faɗa a kan mumbari. Malaman makaranta, ku koya wa ɗalibai zura igiya.

Wannan kira bai tsaya a Gombe ba. Mutanen Okaba a jihar Kogi, da na Owukpa a Binuwai, da na Obi a Nasarawa, ƙasarku ma kwal ce tsakanin yashi da yumɓu. 'Yan'uwa na Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, naku ya fi tsanani, domin ruwan da ke cikin dutsen yashinku tsohon ajiya ne, ruwan saman hamada ba ya mayar da abin da aka ɗiba sai kaɗan. Duk garin da aka ga baƙi sun zo da injin huda ƙasa suna neman kwal, ku fara awo tun kafin tirela ta farko ta iso.

Ba wanda ya ce kwal ba shi da amfani. Yana ƙona siminti, yana ba wasu aiki. Amma rami yana da ranar ƙarewa. Ƙishirwa ba ta da ita. Jikokinku a nan za su zauna, daga wannan yashin za su sha.

Igiya tana rataye a bakin rijiya. Littafi bai kai kuɗin jarka goma ta ɗan garuwa ba. Gobe da asuba, kafin guga na farko ya sauka, ku auna. Ku rubuta.